Dutsen Bakin Zaurenmu

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya kafe duwatsu domin ƙasa ta natsu, wanda ya san abin da harshe ya furta da abin da ya riƙe bai furta ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa amintacce, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da gaskiya har zuwa ranar da za a tambayi kowa.

Bayan haka, ni tsoho ne yanzu, ido ya yi rauni. Na ƙarar da ƙuruciyata wajen neman ilimi, na ƙarar da girmana ina limanci da karantarwa a zauren gidanmu. Abin da zan rubuta a nan shaida ce da aka neme ni da ita na riƙe, a shekarun da kuɗin mai suka malalo cikin ƙasar nan. Na daɗe da sanin hukuncin mai ɓoye shaida, domin da bakina na karantar da shi.

Garinmu ƙarami ne, yana kwance a gindin wani dutse tsakanin Faskari da Sabuwa. A da, mai dawowa daga kasuwar Ƙanƙara yakan hango dutsen tun bai ga rufin ɗaki ko ɗaya ba, ya ce ya iso gida. Kakata, mahaifiyar babana, ita ta fara hawa da ni kansa, wata rana da ta je ɗibar saiwar magani. A can sama ta nuna mini ramukan niƙa da suka lotsa cikin falalen dutse, da kashin tama, ragowar narka ƙarfe, baƙi ƙirin a zube, da wata tsohuwar ganuwa ta duwatsu da aka jera ba laka, tsayinta ya kai ƙugun mutum. Daga gefen yamma kuma akwai tarin duwatsu dogaye a jere. Ta hana ni takawa, ta ce mutane ne kwance.

A nan ta ba ni labarin kafuwar gari kamar yadda ta ji daga surukarta. Mutanen farko maƙera ne, Maguzawa, suna zaune a kan dutsen saboda tsoron mahara, suna narka tama suna ƙera fartanya da mashi. Sai kakan mahaifina ya ɓullo daga wajen Zamfara a wata shekarar yunwa, da jaki ɗaya ɗauke da gafakar littattafai, da mace mai tsohon ciki wadda ta kasa hawa. Ya sauka a gindin dutsen ba da niyyar zama ba. Maƙeran suka sauko masa da ruwa da gero. Da matar ta haihu, suka yi masa ɗaki a inda ya sauka. Babbansu ya ciro dutse ɗaya daga ganuwarsu, ya ɗauko shi a ka har ƙasa, ya aza a bakin ƙofar, ya ce masa daga yau yana cikin ganuwa, wanda ya taɓa shi su ya taɓa. A hannun baƙon nan suka musulunta, gida bayan gida, ba a rana ɗaya ba. Da hari ya ƙare suka sauko gaba ɗaya, suka bar kakanninsu a sama.

Daga nan al'adar aza dutse ta samo asali. Ba a kafa sabon gida a garinmu sai babban gidan maƙera, wanda muke kira Sarkin Maƙera, ya hau ya ɗauko dutse ɗaya daga tsohuwar ganuwa ya aza a bakin zaure. Babu yanka, babu surkulle, ba a kiran sunan kowa. Abin da yake faɗa kawai shi ne: "Kun shigo ganuwa." A ba shi goro ya koma maƙerarsa. Masallacinmu ma yana da nasa a ƙofar kudu. Namu kuwa, na bakin zaurenmu, shi ne na farko, wanda aka aza wa kakan mahaifina. Ja ne, mai faɗi, ƙafafu sun goge shi har yana santsi. Sau biyar a yini nake tsallake shi zuwa masallaci, sau biyar in tsallake shi in dawo.

Na dawo daga karatu a Zariya da littattafai masu yawa da kai mai zafi. Ba da jimawa ba mahaifina ya rasu, aka ba ni limanci. Lokacin ne duniya ta buɗe. Samari suka tafi Kaduna da Ikko aikin gine-gine, suka dawo da rediyo da babur da agogon hannu. Kwano ya fara hawa kan ɗakuna, aka fara buga bulo. Wanda ya gina da siminti sai ya ga ba ya bukatar tsoho ya kawo masa dutse a ka. Ni ma na taimaka wa wannan ra'ayi. Ban taɓa cewa al'adar haramun ce ba, domin na duba ban sami abin da zan riƙe ba, amma idan aka tambaye ni sai in yamutse fuska in ce barinta ya fi.

Wata rana dagaci ya aiko kirana. Ya ce hukuma tana tattara tarihin garuruwa, an ce kowane gari ya rubuto nasa, kuma ba wanda ya dace da aikin sai ni.

"Amma Allah gafarta Malam, a gyara mana shi," in ji shi. "Kada a kai takarda birni a ce mu jikokin masu shan burkutu ne. Mutanen ƙetaren rafi su samu abin yi mana dariya ranar kasuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya za a rubuta."

"Gaskiya mana. Kakanka ba shi ya fara kiran salla a nan ba? To daga nan za ka fara."

Maganar ta yi mini daɗi, kuma na samo mata hujja kafin in isa gida. Na ce wa raina tarihin gari yana farawa ne daga ranar da aka fara salla a cikinsa, abin da ya gabaci haka jahiliyya ce da ba a ƙirgawa. Na zauna kwana uku na rubuta da ajami, da kalmomi masu nauyi. Na kawo zuwan kakan mahaifina, da jakinsa, da littattafansa. Da na iso wurin maƙera sai na rubuta cewa ya tarar da wurin daji, babu kowa sai birai da kuraye. Ba tsallake su kaɗai na yi ba, kore su na yi. Shugaban makarantar firamare ya juya rubutun zuwa boko, ya buga da keken rubutu, dagaci ya sa hatimi, aka tafi da ita. Na ajiye kwafi a gafakata ina karanta wa baƙi.

Bayan damina biyu aka zo da maganar hanya. Za a zuba kwalta a babbar hanyar da ke wucewa nesa da mu, kuma kamfanin da aka ba aikin yana neman dutsen da zai fasa ya yi tsakuwa. Namu ya fi kusa. Idan aka zaɓe shi, dole a yanko hanya daga titi har garinmu domin manyan motoci, kuma hanyar za ta zama tamu bayan sun tafi. Wanda bai ga yadda muke ɗaukar mai naƙuda a kan amalanke cikin taɓo ba, ba zai gane yadda mutane suka ƙwallafa rai a kan wannan hanya ba. Sharaɗi ɗaya ne. An ce idan akwai kaburbura ko kufai a kan dutse ba za a taɓa shi ba, za a tafi wani can gaba, hanya kuma ta bi wani gari.

Da safiyar ranar da ma'aikacin hukuma zai zo dubawa, ina zaune a zaure bayan na sallami masu ɗaukar karatu, sai ga Sarkin Maƙera na lokacin. Sa'an mahaifina ne, gajere, mai kaurin hannu, tartsatsin wuta ya yi wa rigarsa huji ko'ina. Bai taɓa rasa sahun farko ba. Ya tuɓe takalmi, ya zauna nesa da buzuna kamar ɗalibi.

"Allah gafarta Malam, an tashi lahiya?"

"Lafiya lau, Baba. Yau ba a hura wuta ba?"

"Wuta ta jira. An ce mani akwai takarda da ka rubuta, wadda ta ce birai ne bisa dutse." Ya yi 'yar dariya. "To ga jikan biri ya zo gaisuwa."

Na ce, "Haba Baba, ba haka ake nufi ba."

"Ni ban iya karatu ba, ban san abin da ake nuhi ba. Abin da na sani, kakata tana can kwance, ta ukku daga bakin ganuwa. Ni na ɗauki ruwan da aka yayyafa mata. Yau in mutumin ga ya zo, ni maƙeri ne, maganata ba ta wuce maƙera. Kai ne liman. Ka ce mashi akwai mutane bisa, shi ke nan. Ban ce ka yaga takardarka ba."

Na ce masa Allah ya nuna mana lokacin. Ya dube ni, ya ce, "Ni na ƙera maka 'yar fartanyarka ta hwarko, ka tuna? Ka yi ta kuka wai ta yi maka nauyi." Ya sa takalminsa ya fita.

Ma'aikacin ya iso da hantsi a cikin mota mai ƙura. Saurayi ne mai ladabi, da riga da wando irin na ofis, da takardu a hammata. Dagaci ya kawo shi zaurena, mutane suka cika ƙofar gida har kan hanya. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zaro takardar da na sani.

"Allah gafarta Malam, kai ka rubuta wannan?"

Na ce ni ne.

"A nan an ce babu wanda ya taɓa zama a kan dutsen. Amma ga wannan dattijo ya tare ni a hanya, ya ce akwai kaburburan iyayensu. Idan haka ne sai in hau in gani, in rubuta. Idan kuwa maganar takarda ce daidai, ba sai na hau ba, rana ta yi. Kai ne malamin gari, abin da ka faɗa shi zan ɗauka."

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Tarin duwatsun makiyaya ne, ranka ya daɗe! Kowa ya sani!" Aka yi ta cewa haka ne. Dagaci kuwa ni yake kallo.

Sai Sarkin Maƙera ya ratso mutane. Bai shigo zauren ba. Ya tsaya a waje, ya sunkuya da ƙyar, ya ɗora tafin hannunsa a kan jan dutsen nan na bakin ƙofa.

"Malam, wanga dutse, daga ina ya hito? Wa ya aza shi?"

Na san amsar kamar yadda na san sunana. Na ji ta daga kakata, ita daga surukarta, ita kuma da ita aka yi, domin ita ce mai tsohon cikin nan. Ni da nake koya wa ɗalibai yadda ake auna masu ruwaya, ban taɓa riƙe wani labari da ya kai wannan kusancin sanadi ba. Ban da haka na ga ganuwar da kaburburan da idona. Amma na dubi takardar da ke hannun saurayin, mai hatimi, wadda na yi shekara biyu ina karanta wa baƙi. Na dubi mutanen da suke jiran hanya. Na tuna cewa idan na ce maƙera suka aza shi, na ce ke nan liman ya rubuta ƙarya, a gaban waɗanda suke bin sa salla.

Na ce, "Ni dai ban tarar da wannan magana a rubuce a wani littafi ba."

Na zaɓi kalmomin ne domin kada a kama ni da ƙarya, kuma wannan shi ya fi muni, domin jahili ba zai iya irin wannan zaɓi ba. Ma'aikacin ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Aka kawo masa fura ya sha. Sarkin Maƙera ya ɗauke hannunsa daga kan dutsen, ya share a rigarsa, ya miƙe.

"To, Malam. Tunda ba a littahi yake ba."

Da azahar ya zo masallaci, ya tsaya bayana daidai inda ya saba.

An ba da kwanaki kaɗan kafin a fara aiki. Na ga Sarkin Maƙera da 'ya'yansa suna hawa da magirbi da buhunan gero wankakku, suna saukowa a hankali. Abin da suka iya tonowa suka tono, sauran ƙasa ta riga ta cinye. Sai ya zama yana bukatar fatawa: ina za a sa ƙasusuwan mutanen da wasunsu sun rasu kafin Musulunci ya iso su, wasu bayan haka, kuma ba a iya rarrabe su? Tsakanin maƙerarsa da zaurena bai fi taku ɗari ba. Ya hau jaki ya tafi har Daudawa ya tambayi wani malami. Ban san amsar da aka ba shi ba. Na dai ga sun haƙa rami ɗaya a ƙarshen gonarsu, sun kewaye shi da ƙaya.

Sannan aka fara sa nakiya. Kullum bayan azahar sai a busa usur, a ɗaga jan ƙyalle, mata su kwashe yara zuwa ɗaka. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta zubo daga azarar zaure a kan littafin da nake karantarwa. Nakan hure ta in ci gaba. Daga sama suka fara, wajen da ya fi faɗi, wato inda ramukan niƙa suke da ganuwa. Kafin kaka ta zagayo an gama da su. Ganuwar da aka ce kakan mahaifina ya shiga cikinta tana ƙarƙashin kwalta yanzu, motoci suna bi ta kai.

Hanya ta zo, kuma ba zan ƙaryata alherinta ba. Matar ɗana a mota aka kai ta asibiti, ta rayu. Na sha fakewa da wannan. Amma na san ba domin masu naƙuda na yi shiru ba. Da na faɗi gaskiya sannan gari ya zauna ya roƙi maƙera su bari a ɗauke kakanninsu cikin mutunci, wataƙila da sun yarda, domin mutanen da suka ba baƙo dutsen ganuwarsu ba za su hana jikokinsa hanya ba. Ba a roƙe su ba. An ce musu ba a taɓa yin su ba, kuma ni na ce.

Bayan wasu shekaru babban ɗana, da yake aiki a Kaduna, ya ce zai rushe tsohon zaure ya gina na bulo. Magina suka ce jan dutsen ya tsaya a inda za su zuba harsashi, sai a tone shi. Na ce su dakata. Na ɗauki goro na nufi gidan Sarkin Maƙera. Lokacin ya daina ƙira, idanunsa sun rufe, yana zaune a rana a bakin maƙera yana sauraron bugun 'ya'yansa. Ya gane ni da sallama.

"Liman da kansa? Ko fartanyar ce har yanzu ta yi nauyi?"

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Na jira har aka tsagaita bugu, 'ya'yan suka shiga cin abinci. Na gaya masa maganar magina, na ce ko zai zo ya sake aza mana shi bayan an gama gini.

"Ba a aza shi sau biyu, Malam. Wanda ya aza shi ya riga ya aza. Ka ce masu su kewaye shi."

Sai na ce masa na zo neman gafara. Na ce ranar nan na san amsar tambayarsa.

"Na san ka sani," in ji shi. "Da ban san ka sani ba, mi zai sa in tambaye ka?" Ya ɓare goron, ya miƙo mini rabi ta inda ya ji muryata. "Ni na yahe maka tun ranar, in ba haka ba da ban bi ka salla ba. Amma ka lura, gaban gari ka faɗi waccan, wagga kuma ka jira har yara sun shiga ciki. Kuma ba ni kaɗai aka ce biri ba. Waɗanda muka sauko da su cikin buhu, ban san inda za ka same su ka roƙa ba."

Na yi masa alkawari zan faɗa ranar Juma'a bayan salla. Juma'a ta zo, na tashi, na dubi jama'a, na yi wa'azi a kan tsarkin alwala. Wadda ta biyo baya aka yi baƙi. Haka na yi ta ɗagawa har ya rasu a farkon wata damina. Ni na yi masa salla. Da aka tambayi shaidar jama'a a kansa, na riga kowa cewa mai gaskiya ne, ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Babban ɗansa ya ɗago kai ya dube ni.

Wannan ɗan nasa shi ne Sarkin Maƙera yau, shi ma ya tsufa. Kwanan baya jikanyarsa ta zo gidanmu wajen matana da takardar makaranta, an ba su tarihin garinmu su haddace. Ta karanta mini da murya mai daɗi. Maganata ce, kalma bayan kalma, har da birai da kuraye.

Saboda haka ga shaidata, ko da ta zo bayan an tashi daga shari'a. Maƙera ne suka fara zama a wannan wuri, a kan dutse. Su suka shayar da kakan mahaifina, suka gina masa ɗaki, suka shigar da shi ganuwarsu tun ba su san addininsa ba. Akwai kaburburansu a sama, na gan su, kakata ta hana ni takawa. Jan dutsen da ke bakin zaurenmu babbansu ne ya ɗauko shi a ka ya aza. Takardar da ta ce ba haka ba ni na rubuta ta, kuma ƙarya ce. Na umarci ɗana ya kai wannan rubutu gidan maƙera tukuna a karanta musu, sannan makaranta, sannan a karanta a ƙofar masallaci ranar Juma'a ina zaune, idan Allah ya kai ni. Na sa shi ya yi mini rantsuwa ba zai saurare ni ba idan na ce a ɗaga.

Magina sun kewaye dutsen kamar yadda tsohon ya ce. Yana nan a tsakiyar siminti, ya ɗan fi daɓen tudu, baƙi sukan yi tuntuɓe da shi su tambaya me ya sa ba a cire ba. Da nakan ce tsohon abu ne. Yanzu nakan ce su zauna in gaya musu.

Allah ya gafarta mini abin da na ɓoye, ya jiƙan wanda na kunyata ya ci gaba da bina salla. Kai kuma mai karatu, Allah ya buɗe bakinka da gaskiya a lokacin da take da amfani, ya tsare ka da iyalinka da duk wanda ke kwana a ƙarƙashin rufinka, ya sanya albarka a gidanku tun daga bakin zaure har ƙuryar ɗaki. Amin.